Yom Kippur: ranar da Yahudawa ke azumin awa 25 suna neman gafara



Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, sai ku ji a labaran duniya an ce ƙasar Isra'ila ta tsaya cik: an rufe filin jirgin sama, ba mota a hanya, har gidajen rediyo da talabijin sun yi shiru. Ƴan uwanmu da ke neman kuɗi a Faransa ko Amurka kuma sukan tarar da wasu shaguna a kulle, ko maigidan da suke yi wa aiki ya ce gobe ba zai fito ba, ko waya ba zai ɗauka ba. Ɗaya daga cikinsu ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp yana tambaya: wai wace rana ce wannan, kuma azumin nasu irin namu ne? To ga bayanin da muka tattaro.

Ma'anar sunan

Sunan ranar Yom Kippur, da harshen Ibrananci. "Yom" rana ke nan, kamar yadda Balarabe ke cewa "yaum". "Kippur" kuma tushensa ɗaya da kalmar da muka sani, kaffara. Ke nan Ranar Kaffara. Masu jin Faransanci sun san ta da Grand Pardon, wato babbar yafiya. A addinin Yahudanci babu ranar da ta kai ta girma a duk shekara.

Larabci da Ibrananci ƴan gida ɗaya ne, shi ya sa kalmomin wannan rana ba za su yi wa kunnen Bahaushe baƙunta ba. Azumi su "tsom" suke ce masa, Larabawa na cewa "saum". Sadaka su "tsedaka". Tuba kuwa "teshuba", kuma ma'anarta ta asali ita ce komawa, wato wanda ya ɓace hanya ya dawo.

Yaushe take faɗowa

Ranar 10 ga watan Tishri ce a kalandar Yahudawa. Ranar 1 ga wannan wata ita ce sabuwar shekararsu, Rosh Hashana. A imaninsu, ran sabuwar shekara ake rubuta abin da zai sami kowane mutum a shekarar, ran Yom Kippur kuma a rufe littafin a buga hatimi. Kwana goman da ke tsakani su ne kwanakin tuba, damar da bawa ke da ita ya gyara kafin a rufe.

Su ma da wata suke lissafi, amma akwai bambanci da namu. Watan azuminmu yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, shi ya sa muke yin sa wani lokaci cikin zafin bazara, wani lokaci cikin ɗari. Su kuwa cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata na 13 har sau 7, don kada bukukuwansu su bar lokacin da aka san su. Saboda haka Yom Kippur ba ta wuce tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, daidai lokacin kakarmu. Sun kuma tsara kalandar yadda ba za ta faɗo ran Juma'a ko Lahadi ba, don kada ta manne da Asabar, ranar hutunsu, a yi kwana biyu jere ba girki ba jana'iza.

A 2025 ta kama ran 2 ga Oktoba. A 2026 ran Litinin 21 ga Satumba, a 2027 kuma ran 11 ga Oktoba. A lura, kamar mu, su ma ranarsu daga faɗuwar rana take somawa, don haka azumin da yammacin jajibiri ake ɗaukar sa.

Asalinta da labarin bunsuru biyu

Umarnin wannan rana yana cikin Attaura, a littafi na uku wanda Kiristocin Hausa ke kira Littafin Firistoci, sura ta 16 da ta 23. Malaman Yahudawa kuma sun ce a wannan rana ce Annabi Musa (AS) ya sauko daga dutsen Sinai karo na biyu da sababbin alluna, bayan Allah ya yafe wa Bani Isra'ila bautar ɗan maraƙin zinariya. Tun daga nan ranar ta zama ta yafiya.

A zamanin da haikalinsu ke tsaye a Birnin Ƙudus, aikin ranar duk a wuyan mutum ɗaya yake, babban limamin haikali. Akwai wani ɗaki can ƙurya wanda ba mai shiga sai shi, shi ma sau ɗaya a shekara, a wannan rana. Yakan tuɓe kayan adonsa na zinariya ya sa fararen tufafi, ya shiga da turare da jinin hadaya.

Sannan a kawo bunsuru biyu a yi musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka shi hadaya. Ɗayan kuma liman ya ɗora hannuwansa a kansa, ya ambaci laifuffukan jama'a duka, sai wani mutum ya ja shi zuwa cikin daji, alamar ya tafi da zunuban. Waɗanda suka yi lakwal sun san kalmar "bouc émissaire" da ake faɗa wa wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba. To daga wannan bunsuru ta samo asali.

A shekara ta 70 miladiyya sojojin Rum suka rushe haikalin. Daga nan ba liman, ba hadaya, ba bunsuru. Malamansu, waɗanda ake kira rabbi, suka koyar cewa abu uku ne suka maye gurbin hadayar: tuba, addu'a da sadaka. Wato nauyin da ke kan mutum ɗaya ya dawo kan kowa. Haka ake tafiya yau kusan shekara 2,000.

Yadda azumin yake

Azumin yini ɗaya ne, amma mai tsawo. Ana kama baki tun kafin rana ta faɗi, a kwana, a yini, sai taurari sun fito washegari ake sha ruwa. Kamar awa 25 ke nan, ba sahur a tsakani.

Abu biyar aka hana: ci da sha, wanka, shafa mai ko turare, sa takalmin fata, da kusantar iyali. Shi ya sa za ka ga babban mutum sanye da kaya masu tsada amma da takalmin roba ko na yadi a ƙafarsa. Ban da waɗannan, duk aikin da aka hana ran Asabar an hana shi a wannan rana. Masu riƙo da addini sosai ba sa tuƙa mota, ba sa hura wuta, ba sa kunna lantarki, ba sa taɓa kuɗi ko waya.

Azumin yana hawa kan yaro idan ya kai shekara 13, yarinya kuma 12. Kafin nan akan fara koya musu da ƴan awowi, kamar yadda yaranmu ke yin rabin yini.

Maras lafiyar da azumi zai jefa ransa cikin haɗari, shi wajibi ne ma ya ci, domin a shari'arsu ceton rai yana gaba da azumi, kuma maganar likita ake bi. Haka macen da ta haihu cikin kwana uku ba ta yi. Har yau suna ba da labarin wani babban malaminsu, Isra'ila Salanter, wanda a lokacin annobar kwalara ta 1848 a birnin Vilna na ƙasar Lituwaniya ya umarci jama'a su ci abinci a ranar don kada cutar ta same su da yunwa.

Azumi ba ya goge haƙƙin mutum

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin wanda ya gane wannan ya gane ranar.

A littafin shari'arsu da ake kira Mishna, wanda aka kammala wajen shekara ta 200 miladiyya, an raba laifi gida biyu. Akwai wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wannan ranar tana kankare shi ga wanda ya tuba. Akwai kuma wanda ke tsakanin mutum da ɗan uwansa. Wannan ko mutum ya yini yana kuka a wurin ibada, ba ya goguwa sai ya je ya sami wanda ya cuta ya nemi yafiyarsa. Littafin ya kuma yi kashedi ga mai cewa bari in yi laifi, ai ranar kaffara na zuwa. Irin wannan, ranar ba ta amfane shi.

Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, haifaffen Kurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204, ya shimfiɗa matakan tuba dalla-dalla. Mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya furta da bakinsa abin da ya aikata, ya ƙudurta ba zai koma ba. Ya ce ana gane tuban gaskiya ne ran da damar yin laifin ta sake samuwa, mutum yana da ƙarfin yi, amma ya ƙi.

Idan haƙƙin wani ne, sai an fara mayar da abin da aka ci, kuɗi ne ko kaya. Bayan nan a nemi yafiya da baki, domin biyan kuɗi kaɗai ba ya wanke ɓacin rai. Idan wanda aka cuta ya ƙi yafewa, sai mai laifi ya samo mutum uku su raka shi, ya sake komawa, har sau uku. Idan duk da haka ya ƙi, to mai neman yafiya ya fita, laifin ya koma kan mai taurin zuciya. Idan kuwa wanda aka cuta ya riga ya rasu, sai a tara mutum goma a je bakin kabarinsa a amsa laifin a gabansu, dukiyar kuma a mayar wa magada.

Shi ya sa cikin kwanakin nan goma za ka ga Bayahude yana kiran ɗan uwan da suka shekara ba sa magana, yana biyan bashin da ya daɗe, yana buga ƙofar maƙwabci. Mai sauraronmu da ya saba jin wa'azin haƙƙin bayi, da yadda muke bin juna da "a yafe mini" idan azumi ya gabato ko mutum zai tafi Makka, ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

Ranar jajibiri

Cin abinci ran jajibiri shi ma umarni ne a wurinsu. Da la'asar iyali kan zauna su ci abincin ƙarshe, mai sauƙi, ba yaji ba gishiri da yawa don gudun ƙishirwa. Maza da dama kan yi wankan tsarki. Iyaye su sa wa ƴaƴansu albarka, mata su kunna kyandir, a kuma kunna wani na tunawa da iyayen da suka rasu wanda zai ci har washegari.

Wasu suna da al'adar da ake kira kapparot: a ɗauki kaza a zagaya da ita bisa kai, zakara ga namiji, kaza ga mace, sannan a yanka a ba matalauta. Tun da daɗewa wasu manyan malamansu suka soki wannan al'ada, ciki har da Yusuf Karo, mai shahararren littafin shari'arsu na ƙarni na 16. Yau da yawa kuɗi suke sawa a madadin kazar su bayar sadaka.

Mutane da yawa farare suke sawa. Wasu mazan ma wata farar riga suke sawa, irin wadda za a yi musu likkafani da ita, don mutum ya tuna inda za shi.

Abin da ake yi a wurin ibada

A ranakun yau da kullum sau uku Yahudawa ke addu'a. A wannan rana kaɗai suke yin biyar, kuma kusan yinin duka a majami'arsu ake yin sa.

Da magariba ake buɗewa da Kol Nidre, da harshen Aramiyanci, inda ake neman warware bakancen da mutum ya ɗaukar wa Allah ya kasa cikawa. A Turai maƙiyansu sun daɗe suna kafa hujja da wannan suna cewa rantsuwar Bayahude ba abin yarda ba ce. Malamansu sun sha bayyana cewa alkawarin da ke tsakanin mutum da mutum, ko rantsuwar gaban alƙali, ba ya ciki.

Sau da yawa cikin yinin jama'a kan miƙe su jero laifuffuka bisa tsarin baƙaƙen Ibrananci, kowa na ɗan dukan ƙirjinsa: ƙarya, gulma, cin amana, zalunci a ciniki, raina iyaye. Abin lura, ba wanda ke cewa "na yi", duka "mun yi" ake cewa, saboda a fahimtarsu laifin mutum ɗaya ya shafi al'umma. Ba kuma a gaban wani malami ake amsa laifin ba, kai-tsaye ga Allah ake yi.

Da safe ana karanta wani sashe na littafin Annabi Ishaya da ke cewa azumin da Allah ke so shi ne a saki wanda aka danne, a ciyar da mayunwaci, a tufatar da maras sutura. Da rana akan karanta yadda babban liman ke aikinsa a haikali, kuma a nan ne a majami'u da yawa ake durƙusawa har goshi ya kai ƙasa, abin da ba sa yi a sauran ranaku in ban da sabuwar shekara. Da la'asar sai a karanta littafin Annabi Yunus (AS) daga farko har ƙarshe, don a tuna yadda mutanen Ninawa suka tuba aka ɗauke musu azaba.

Ta ƙarshe ita ce Ne'ila, wato rufe ƙofa, lokacin da rana ke shirin faɗuwa. Mutane sun galabaita amma a tsaye ake yin ta. A ƙarshe jama'a su ɗaga murya su shaida kaɗaitakar Allah, sai a busa ƙahon rago da suke kira shofar, busa ɗaya mai tsawo. Azumi ya ƙare, kowa ya nufi gida shan ruwa.

Ina alaƙarta da Ashura?

Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudawa na azumin ranar Ashura, suka ce rana ce da Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna. Ya azumce ta, ya yi umarni a azumce ta, daga baya kuma ya nuna niyyar haɗawa da ranar 9. Masana tarihi da dama na ganin wancan azumin na Yahudawan Madina shi ne Yom Kippur. Hujjarsu ita ce sunan Ashura daga goma ya fito, ita ma ranar 10 ga wata ce, kuma hijira ta kama watan Satumba na 622, lokacin da wannan rana ke faɗowa. Wasu kuma na nuna cewa tsira daga Fir'auna wani biki dabam Yahudawa ke yi mata, Pesah, wajen Maris ko Afrilu. Yau dai Ashura na bin 10 ga Muharram, watan cika-ciki, tana zagaya shekara, Yom Kippur kuma na nan a kaka.

Ranar da rediyo ke yin shiru

Mu ma'aikatan rediyo wannan ya fi ba mu mamaki. A Isra'ila tashoshin rediyo da talabijin na rufewa gaba ɗaya, filin jirgin sama na Ben Gurion ma haka. Babu dokar da ta hana tuƙi, amma har waɗanda ba su damu da addini ba sukan ajiye mota, sai ka ga yara da kekuna sun cika manyan hanyoyin Tel Aviv.

Sau ɗaya shirun ya katse ta yadda duniya ba ta manta ba. Ran Asabar 6 ga Oktoban 1973, wajen ƙarfe 2 na rana, sojojin Masar ƙarƙashin Anwar Sadat suka ƙetare mashigin Suwez, na Siriya ƙarƙashin Hafiz al-Assad suka afka tuddan Golan, don ƙwato yankunan da Isra'ila ta mamaye a 1967. Rediyo ya dawo yana kiran sojoji, aka riƙa ɗebo su daga wuraren ibada. Ranar ta kuma dace da 10 ga Ramadan, shi ya sa yaƙin ke da suna biyu: Isra'ila na cewa yaƙin Yom Kippur, Larabawa na cewa yaƙin Oktoba ko na Ramadan. An yi kusan mako uku ana gwabzawa. A wannan shekara ƙasashen Afirka da yawa suka yanke hulɗa da Isra'ila. Nijar ta yanke tata tun watan Janairu zamanin Diori Hamani, Najeriya kuma a watan Oktoba.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare

Yahudawan duniya sun kai miliyan 15 da ɗoriya, kuma fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke ba. Amurka ce ke da mafi yawan na waje. A Turai Faransa ce kan gaba da sama da 400,000, da yawansu asalinsu Maroko, Aljeriya da Tunisiya. A nan Afirka ana raya wannan rana a Kazablanka, a tsibirin Jerba na Tunisiya, a Afirka ta Kudu, a Habasha, da wajen garin Mbale na Yuganda. A birnin New York makarantun gwamnati na rufewa, kuma tun ƙarshen 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ranar cikin ranakun da ba ta kiran taro. Ko waɗanda ba sa zuwa ibada duk shekara, ranar sukan leƙa.

Idan kun ga ƴan sanda a ƙofar majami'a, akwai dalili. Ran 9 ga Oktoban 2019 wani ɗan bindiga mai ƙin baƙi ya yi ƙoƙarin kutsawa majami'ar garin Halle a Jamus ana tsakar ibadar wannan rana. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ya kashe mutum biyu a waje.

Wanda ke da maƙwabci ko abokin aiki Bayahude, ya sani ranar ba ta shagali ba ce, don haka ba a yi masa irin barkar da muke yi da salla. Abin da suke faɗa wa juna shi ne "tsom kal", wato Allah ya sa azumi ya zo da sauƙi, ko "gmar hatima toba", wato Allah ya sa a rufe da alheri. Idan akwai lissafi ko aiki tsakaninku, a gama kafin la'asar ɗin jajibiri, in ba haka ba sai bayan isha'in washegari. Idan kuma ya zo maka cikin kwanakin nan ya ce ka yafe masa wani abin da ya wuce, yanzu ka san dalili.

Mai ƙarin tambaya ya aiko mana kamar yadda aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.